Zinariya Ta Tafi Birni, Zaiba Ta Zauna Bakin Rijiya

A watan Disamba na shekarar 2024 ne Ministan Ma'adinai, Mista Dele Alake, ya ba da sanarwar cewa Gwamnatin Tarayya ta ɗage dokar hana haƙar ma'adinai a Jihar Zamfara, wadda aka kafa tun watan Afrilu na 2019 saboda ta'asar 'yan bindiga. Ba a daɗe da yin haka ba sai farashin zinariya ya yi tashin gwauron zabo a kasuwannin duniya. A watan Maris na 2025 ya haye dala 3,000 kowace oza, a watan Oktoba na shekarar kuma ya haye dala 4,000. Oza ɗaya kuwa giram 31 ce da ɗan ɗoriya. Duk wanda ya san halin da samarinmu suke ciki a karkara, ba sai an gaya masa abin da wannan yake nufi ba. Diga da shebur sun yi daraja, gona kuwa ta rasa ma'aikata.

An yi ta sharhi a kan wannan sana'a ta fuskar tsaro, da ta kuɗin shiga da gwamnati take asara, da ta ramukan da suke ruftawa da mutane, kamar yadda ya faru a yankin Ɗan Isa na Jihar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar cikin watan Nuwamba na 2021, inda aƙalla mutum 18 suka rasu. Amma akwai wani ɓangare da ba a cika taɓo shi ba, domin ba ya ƙara kamar bindiga, ba ya kuma tara jama'a kamar rami in ya rufta. Muna nufin zaiba, ƙarfen nan mai gudu kamar ruwa wanda masu haƙa suke kama zinariya da shi. Abin da muke so mu duba tare da masu karatu shi ne inda wannan zaiba take tafiya bayan an gama aiki da ita, da kuma abin da ya haɗa ta da rijiyar da dukan gari yake sha.

YADDA AIKIN YAKE

Zinariyar da ake samu a Anka, da Maru, da Bukkuyum, da Birnin Gwari, da Yawuri, da yankunan Rafi da Shiroro, galibinta ba curi-curi take fitowa ba. Ƙananan ƙwayoyi ne a cikin dutse, waɗansu ido ba ya ma ganinsu. Saboda haka sai an fasa dutsen da guduma, a kai shi injin niƙa irin wanda muke niƙa hatsi da shi, a mai da shi gari. Daga nan a wanke garin da ruwa a kan katako mai gangara wanda aka shimfiɗa wa buhu ko darduma, domin abu mai nauyi ya maƙale, laka ta wuce. Abin da ya maƙale shi ake juyewa a daro, a ɗiga masa zaiba, a cuɗa da hannu.

Ita zaiba halinta ne ta rungumi zinariya duk inda ta same ta. In an gama cuɗawa sai a zuba a ƙyalle a matse, a sami ɗan dunƙule fari-fari, wajen rabinsa zinariya ne, rabi zaiba. Sai a ɗora shi a kan garwashi ko a hura masa wuta. Zaiba takan tafasa a zafin digiri 357, zinariya kuwa ba ta narkewa sai zafi ya kai digiri 1,064. Don haka zaibar sai ta tashi ta bi iska, zinariya ta rage. Aiki ne mai sauƙi, mai arha, mutum ɗaya yana iya gama shi a yini guda ya karɓi kuɗinsa kafin faɗuwar rana. Wannan shi ne dalilin da ya sa miliyoyin masu ƙaramar haƙa a ƙasashe fiye da 70 suke riƙe da shi, su ne kuma suke fitar da wajen kashi 20 cikin 100 na zinariyar duniya.

To, amma zaiba ba ta ƙonewa, ba ta ruɓewa, ba ta kuwa ɓacewa. Wuri kawai take sakewa. Wadda ta tashi a wuta tana shiga huhun mai ƙonawa da na yaran da suka kewaye shi suna kallo, sauran kuma ta manne a bango da rufin ɗaki, ko ta dawo ƙasa tare da ƙura da ruwan sama. Wadda ta kuɓuce a wajen wanki kuwa tana nan cikin tulin lakar da aka zubar. Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2015 ɗan Adam ya saki zaiba wajen tan 2,220 a cikin iska, tan 838 daga ciki kuwa, wato kashi 38 cikin 100, daga ƙaramar haƙar zinariya suka fito. Ban da wannan, akwai wajen tan 1,220 da sana'ar ta zuba a ƙasa da cikin ruwa a wannan shekara. Babu wata sana'a a duniya da ta kai ta.

KADA MU HAƊA DALMA DA ZAIBA

Da zarar an ce guba a wajen haƙar zinariya, hankalin kowa sai ya koma kan gubar dalma, kuma da dalili. A watan Maris na 2010 ne ƙungiyar likitoci ta Na-gari-na-kowa, wato MSF, ta lura da sababbin kaburburan yara sun yi yawa a waɗansu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Bincike ya nuna cewa dutsen da ake niƙawa a cikin gidaje yana ɗauke da dalma mai yawan gaske. Yara aƙalla 400 suka mutu a ƙauyuka irin su Dareta, da 'Yargalma, da Abare, da Sunke, da Bagega, dubbai kuma aka yi musu magani. A 2015 abin ya sake aukuwa a yankin Shikira ta ƙaramar hukumar Rafi a Jihar Neja, inda yara 28 suka rasu.

Sai dai akwai bambanci tsakanin gubobin biyu, wanda ya kamata kowa ya riƙe. Dalma a cikin dutsen take, tare da zinariyar aka tono ta, kuma ba kowane rami ne yake da ita ba. Zaiba kuwa mu muke sayo ta da kuɗinmu, mu kawo ta gari cikin 'yar kwalba, mu zuba da hannunmu. Wato ko a inda dutse ba shi da dalma sam, zaiba tana nan. Bambanci na biyu shi ne, dalmar Zamfara ta kashe yara da yawa cikin 'yan watanni, har ta kai duk mai wucewa zai ga kaburbura ya yi tambaya. Zaiba ba haka take yi ba. A hankali take cin mutum, shekara da shekaru, ta bar shi da rai amma ba lafiya. Abin da ba ya cika maƙabarta a wata ɗaya kuwa, da wuya a aiko masa da tawaga daga Abuja.

Duk da haka an yi mana gargaɗi tun a wancan lokaci. A ƙarshen daminar 2010 wata tawagar masana ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ziyarci ƙauyuka biyar na Zamfara da kayan awo. Dalma ce ta kawo su, amma da suka auna iska a wuraren da aka yi aikin zinariya, sai suka tarar a wani wurin zaiba ta kai kusan ninki 500 na abin da aka amince mutum ya shaƙa. Game da ruwa kuwa, sun sami dalma fiye da ƙima a waɗansu rijiyoyin da aka haƙa da hannu da kuma kududdufai, amma ba su sami rijiyar burtsatse da ta gurɓace ba. Ma'anar wannan ita ce, gubar ta baki take shiga rijiya, ta hanyar ƙura da malalen ruwan sama da guga da aka ajiye a ƙasa mai guba, ba ta riga ta ratsa ruwan da yake can ƙarƙashin ƙasa ba. Wannan labari ne mai daɗi, amma na 2010 ne, lokacin da oza ɗaya ba ta kai dala 1,500 ba, masu haƙa kuma ba su kai yawan na yanzu ba.

HANYAR DA TAKE BI TA KAI GA RUWA

Gaskiya ita ce zaiba zalla ba ta saurin narkewa a ruwa, kuma tana son manne wa laka da ruɓaɓɓen ganye. Shi ya sa ba a rana ɗaya take gangarawa ƙarƙashin ƙasa ba. Amma in aka cuɗa ta da garin dutse, musamman in a cikin injin aka zuba ta, sai ta farfashe ta zama ƙananan ɗigo kamar gari, ta bi laka. In ta daɗe a tulin nan tana shan iska da ruwan sama, wani sashi nata yakan rikiɗe ya zama irin da yake narkewa. Daga nan hanya ta buɗe.

Mu tuna irin ƙasar da muke magana a kai. A yawancin yankunan zinariya, dutse ne a ƙasa, ruwan da rijiyoyinmu suke samu kuwa yana cikin ruɓaɓɓen dutsen da yake sama-sama da kuma tsagogin da suke ƙarƙashinsa. Rijiyar gida ba ta da zurfi sosai. Mai wankin zinariya yana bukatar ruwa, saboda haka kusa da ruwa yake kafa aikinsa, ko a bakin rafi, ko a gefen kududdufi, ko kuwa a bayan rijiya. Ramin da yake tara ruwan wankinsa ba shi da daɓe. Da rani ruwan yana tsotsewa ƙasa, da damina kuma ya cika ya malala, ya bi gangare har zuwa bakin rijiyar da ba ta da kewayen siminti ko murfi. Tsofaffin ramukan haƙa da aka bari su ma sukan cika da ruwa, su zama wurin wanki da shayar da dabbobi, alhali kuwa ƙofa ce kai tsaye zuwa ruwan ƙarƙashin ƙasa.

Akwai kuma wani sabon abu da ya ƙara dagula lamarin a Afirka ta Yamma. Da yake zaiba ba ta kama dukan zinariyar, waɗansu masu jari sukan saye tulin lakar da aka zubar su jiƙa ta da wani sinadari mai dafi da ake kira sayanayid don su tatse sauran. Shi wannan sinadari yana narkar da zinariya, yana kuma narkar da zaibar da take kwance cikin lakar. Zaibar da a da take manne wuri ɗaya sai ta sami ƙafa, ta bi ruwa duk inda ya nufa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada zaiba ta wuce maikurogiram 6 a cikin lita ɗaya ta ruwan sha. Maikurogiram kuwa shi ne giram ɗaya a raba shi gida miliyan. Don mu gane ƙanƙantar abin, giram ɗaya tak, in ya narke duka, ya isa ya kai ruwan durom fiye da 800 ga wannan iyaka. Cokalin shayi ɗaya na zaiba kuwa ya haura giram 60, domin ta fi ruwa nauyi fiye da sau 13.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, ruwan da yake da zaiba ba ya sake launi, ba ya wari, ba ya ɗaci. Tafasa shi ba ta raba shi da ita. Maganin da ake ɗiga wa ruwa don kashe ƙwayoyin cuta shi ma ba ruwansa da ƙarfe. A Bagega, da aka saki kuɗin aiki a 2013, an kankare ƙasar gidaje mai dalma aka kai ta rami aka binne, aka zubo sabuwa. Ana iya yi wa tsakar gida haka. Amma wa zai kankare ruwan da yake ƙarƙashin gari?

ABIN DA TAKE YI WA JIKI

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa zaiba cikin sinadarai goma da suka fi zama barazana ga lafiyar jama'a. Ta ƙofa uku take shiga.

Ƙofa ta fari ita ce numfashi, ita ce kuma ta fi kusa da mai haƙa da iyalinsa da mai sayen zinariya da yake sake ƙona ta a shago. Wajen kashi 80 cikin 100 na tururin da aka shaƙa yana zarcewa cikin jini, daga nan ya hau ƙwaƙwalwa. Alamunsa su ne karkarwar hannu da leɓe, da mantuwa, da rashin barci, da saurin fushi ko tsoron mutane ba dalili, da kumburin dasashi, da yawan miyau. Mun san abin da akan ce a ƙauye in saurayi mai ƙarfi ya dawo daga daji hannunsa yana rawa, yana faɗa da kowa. Wani ya ce ƙwaya ce, wani ya ce iska ce ta wurin haƙa, wani kuma ya ce jifa aka yi masa saboda ya samu. Ta haka akan ɓata da maƙwabci a banza, a kashe abin da aka samo wajen neman magani inda babu shi.

Ƙofa ta biyu ita ce ruwan sha. Irin zaibar da take narkewa a rijiya, ƙoda take nufa. In mutum ya daɗe yana sha, ƙodarsa takan raunana a hankali ba tare da ya sani ba, wankin ƙoda kuwa kowa ya san ba na talaka ba ne.

Ƙofa ta uku ita ce kifi, ita ce kuma take kai gubar gidan wanda bai taɓa ganin ramin zinariya ba. In zaiba ta kwanta a taɓon da yake ƙarƙashin tafki ko kogi, akwai ƙananan halittu da suke juya ta ta zama wata iri da masana suke kira metilmakuri, wadda ta fi sauran dafi. Ƙwaro ya ci, ƙaramin kifi ya ci ƙwaro, babban kifi ya ci ƙarami, a kowane mataki gubar tana ƙara taruwa. Don haka manyan kifaye masu cin 'yan'uwansu, irin su giwan ruwa, sun fi tara ta a kan irin su karfasa. Suya ko banda ba sa fitar da ita. In mace mai ciki ta ci, gubar takan ratsa ta mahaifa ta sami ƙwaƙwalwar ɗan da yake ciki tun tana haɗuwa.

Duniya ta koyi wannan darasi ne a garin Minamata na ƙasar Japan. Wani kamfanin sinadarai mai suna Chisso ya riƙa zubar da ruwan masana'antarsa mai ɗauke da wannan guba cikin teku tun daga 1932 har 1968. Kyanwoyi ne suka fara nuna alama, suna tangaɗi suna faɗawa ruwa. A ranar 1 ga Mayu 1956 likitoci suka kai rahoton wata baƙuwar cuta ga hukuma, amma sai a 1968 gwamnati ta amince a hukumance da inda cutar ta fito. An ga mata da ba su nuna wata babbar alama ba sun haifi yara da ba sa iya tafiya ko magana. Ya zuwa 2001 gwamnati ta tabbatar da mutum 2,265 da suka kamu, 1,784 daga cikinsu sun riga sun mutu. Sai a 1997 aka ce kifin wurin ya ciwu, bayan an kashe dukiya mai yawa wajen yashe taɓon teku. Japan ke nan, mai kuɗi da likitoci.

Mu duba taswirar ƙasarmu. Kogin Zamfara da Gulbin Ka suna zuba a Kogin Sakkwato, shi kuma ya zuba a Kwara, Kwara ta bi ta Yawuri ta shiga tafkin Kainji. Ruwan Birnin Gwari yana bin Kogin Mariga zuwa Kogin Kaduna. Bandar kifin waɗannan wurare kuwa tana kai wa kasuwannin birane masu nisa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

DOKA TANA NAN, ME YA HANA?

Saboda tunawa da wancan gari ne aka sa wa yarjejeniyar duniya kan zaiba suna Yarjejeniyar Minamata. An rattaba mata hannu a watan Oktoba na 2013, ta fara aiki a watan Agusta na 2017, Nijeriya kuma ta tabbatar da shigarta a watan Fabrairu na 2018. Yarjejeniyar ba ta ce a kori masu ƙaramar haƙa ba. Cewa ta yi kowace ƙasa mai wannan sana'a ta tsara yadda za ta rage zaiba, ta kuma kawar da ayyuka huɗu da suka fi muni: zuba zaiba a kan dukan garin dutse ba tare da an fara wanke shi ya ragu ba, da ƙona dunƙule a fili, da ƙona shi a cikin unguwa, da kuma jiƙa laka mai zaiba da sayanayid. Duk wanda ya taɓa zuwa wajen haƙa zai iya faɗin nawa ne daga cikin huɗun nan aka daina.

Zaibar ma ba a ƙasar nan ake haƙo ta ba. Tarayyar Turai ta hana fitar da ita tun 2011, Amurka ta bi a 2013, amma tana shigowa Afirka ta Yamma ta tashoshin jiragen ruwa, ta bi hanyoyin fasa-ƙwauri har daji. Sau da yawa mai sayen zinariyar shi ne mai kawo zaibar, ya ba da ita bashi a kan in an samu shi za a sayar wa. Wato wanda ya fi cin riba shi ne wanda ya fi nisa da rijiyar.

Magani ɗaya da gwamnatocinmu suka fi sani shi ne hani. Amma shekara biyar da 'yan watanni na hani a Zamfara ba su tsayar da haƙa ba, shi kansa Ministan ya faɗi haka lokacin da yake ɗage dokar, cewa masu haƙa ta ɓarauniyar hanya ne suka ci moriyar. Dakarun tsaron ma'adinai da aka ƙaddamar a watan Maris na 2024 suna da amfaninsu wajen manyan ɓarayi. Sai dai in aka ce duk mai diga mai laifi ne, ba zai daina ba, domin yunwa tana bayansa. Ɓuya zai yi. Inda zai ɓuya kuwa shi ne cikin gida, a ɗakin da matarsa take girki, yaransa suke kwana. Jami'in lafiya ba zai iya koya wa mutumin da yake gudunsa komai ba.

Ƙasar Gana ta isa ishara. Haƙar da suke kira galamsey ta mai da koguna irin su Pra da Ankobra da Offin ruwan kunu, har a 2024 kamfanin ruwa na ƙasar ya ce ba ya iya wadata biranen Cape Coast da Elmina saboda lakar da ta cika Kogin Pra. A watan Oktoba na shekarar, Ikkilisiyar Katolika ta Akara ta fito tattakin addu'a a kan tituna tana roƙon gwamnati ta ceci ruwan ƙasar. Laka ce ta fito da mutane, domin ita ido yana gani. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

ABIN YI

Ba mu rubuta wannan don mu la'anci mai haƙa ba. 'Ya'yanmu ne da ƙannenmu, Kirista da Musulmi, waɗansu 'yan bindiga ne suka raba su da gonakinsu. Da kuɗin nan ake biyan makaranta, ake sayen magani, ba abin mamaki ba ne kuma in ya shiga faifan baiko ko ya sayi kwanon rufin masallaci. Tun da mun ci tare, ba mu da bakin cewa ba ruwanmu. Hausawa sun ce wanda ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu. Zaiba ta ƙaryata wannan magana, gama mutum ɗaya ne yake sa zinariya a aljihu, gari duka kuwa ya sha ruwan.

Abu na farko ba ya bukatar kuɗi ko izinin Abuja. Dagaci da masu unguwa, tare da limamai da fastoci da shugabannin masu haƙa, su zauna su yanke cewa ba niƙa, ba wanki, ba ƙonawa a cikin gari. A keɓe wuri guda nesa da gidaje, a gangaren da yake ƙasa da rijiyoyi, ba a bakin rafi ba, a kuma hana yara da mata masu ciki ko goyo zuwa wurin. Wannan shi ne abin da ya taimaka a kan dalma a Zamfara da Shikira, zai kuma taimaka a kan zaiba. Tufafin aiki da daron aiki su tsaya can, kada su shiga madafa.

Na biyu, a sake hanyar aiki. In an wanke garin dutse sosai har ya ragu kafin a sa zaiba, kaɗan za a bukata. Akwai kuma 'yar rufaffiyar tukunyar ƙarfe mai bututu, wadda mai walda zai iya haɗawa da guntayen bututun famfo. A cikinta ake ƙona dunƙulen, tururin ya bi bututu ya huce ya koma zaiba, a sake aiki da ita. Mai haƙa ya tsira da huhunsa, ya kuma rage kuɗin saye. A ƙasar Filifin akwai masu haƙa da suka bar zaiba ɗungum, suna narkar da zinariyar da wani gishiri da ake kira borakis, ko da yake ba kowane irin dutse ne yake karɓar wannan dabara ba. Dokar ma'adinai ta 2007 ta tanadi lasin na masu ƙaramar haƙa da ƙungiyoyin gama-kai. A sauƙaƙe samunsa, a kuma sa barin waɗancan ayyuka huɗu ya zama sharaɗi.

Na uku, a tsare bakin rijiya. Kewayen siminti, da murfi, da wurin rataye guga, da magudanar da za ta kau da ruwan sama, ba su kai kuɗin jinyar mutum ɗaya ba. Ƙungiyoyin mata da na matasa a majami'u da masallatai suna iya ɗaukar wannan a matsayin aikin gayya kafin damina. Duk mai niyyar haƙa wa ƙauye rijiya don sadaka, hukuma ce ko ikkilisiya ko ɗan siyasa, ya fara tambayar inda ake wankin zinariya.

Na huɗu yana wuyan gwamnati. Hukumar NESREA mai kula da dokokin muhalli, da hukumomin ruwan karkara na jihohi, da jami'o'inmu na Zariya da Sakkwato da Minna, su riƙa auna ruwan rijiyoyi da kifin kogunan yankunan zinariya da rani da damina, su kuma faɗa wa jama'a sakamakon da harshen da suke ji. Rijiyar da ta gurɓace a rufe ta, a ba mutane wata. Ma'aikatan ƙananan asibitoci, har da na mishan, a koya musu su riƙa tambayar mai karkarwar hannu irin aikin da yake yi. Fitsari yana nuna zaibar da aka shaƙa, gashin kai kuma yana nuna wadda aka ci a kifi. Jami'an kwastan su bi sawun masu shigo da ita, maimakon a tsaya kan yaron da aka kama da 'yar kwalba.

Ramin zinariya yakan ƙare cikin 'yan shekaru, baƙin da suka zo dominsa su naɗe tabarmarsu su nufi wani dajin. Masu gari su ne za su zauna da rijiyar, su da jikokinsu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya ba shugabanninmu kunnen ji, mu kuma ya ba mu zuciyar tuna maƙwabci kafin mu zubar da ruwan daro. Amin.